Dashen Tsallaken Dogo

Brennock, Maris 1992

Zuwa ga Shugaban Sashen Itatuwan Garuruwa,
Ofishin Gandun Daji na Jiha.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka. Sunana Verna Kubicek, ni ce shugabar Kwamitin Itatuwa na garin Brennock. Mu biyar ne a kwamitin, ƙaramar cikinmu ta haura sittin da biyar, saboda haka ba mu da lokacin dogon zance.

Ka san abin da guguwar bara ta yi mana, tunda har jaridunku sun buga hoton rufin bankinmu kwance a gonar masara. An mayar da rufi, banki ya buɗe, amma inuwa ba ta dawo ba. Cuta ta riga ta cinye rabin manyan itatuwan elm ɗinmu tun shekarun baya, guguwa ta zo ta kwashe ragowar. Yanzu in ka tsaya a ƙofar kotu kana hango maƙabarta, abin da ba mai son gani kullum a shekaruna.

Muna buƙatar dashe ɗari biyu kafin ƙarshen Afrilu, da malamin daji na gaske wanda ya san ƙasa, ya zo ya nuna mana inda za a haƙa. Don Allah kada a sake aiko mana da takardun manna wa bango masu hoton yaro rungume da itace. Na bara suna nan, mun shimfiɗe kantocin kicin ɗin coci da su.

A bana nake so, ba baɗi ba.

Taka cikin girmamawa,
Uwargida Verna Kubicek

*

Babban birnin jiha, Maris 1992

Uwargida Kubicek,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki da sauran 'yan kwamiti. Wasiƙarki ta iso, ni na buɗe ta, domin shugaban da kika rubuta wa, Malam Gus Halvorsen, yana kwance a gidan 'yarsa bayan an yi masa aiki a ƙugu. Ma'aikatansa da kika gaisar kuma ni ce, ni kaɗai. Mu biyu ke riƙe da garuruwan jihar nan gaba ɗaya: shi ya san itace, ni na san mutane. Sunana Corrine Maddox, aikina shi ne haɗa masu aikin sa-kai da tsara su.

Za ki sami dashe ɗari biyu a bana. Wannan na yi miki alkawari. Amma ina da sharaɗi guda, kuma ba na sassauta shi ga kowa. Kafin mota ta tashi daga wurin renon itatuwa, kowane dashe sai an ba ni sunan mutumin da zai shayar da shi har rani biyu. Ranar dashe kowa yana zuwa, a ci, a sha, a ɗauki hoto da shebur. A watan Yuli ne ake sanin wanda ke son itace. Na ga garuruwa uku da suka dasa a Afrilu suka tumɓuke busassun sanduna a Satumba, ba zan bari Brennock ta zama ta huɗu ba.

Zan zo ranar Alhamis ta sama. A tara mini duk wanda zai iya ɗaga bokiti.

Game da takardun bango, ni na zana su. Na ji daɗi da suka yi amfani.

Taki,
Corrine Maddox

*

Afrilu 1992

Oga Gus,

Ina gaisuwa. Yaya jiki, yaya sabon ƙugu? An ce kana takura wa 'yarka da zancen yadda ta datse itacen ƙofar gidanta ba daidai ba. Ka bar ta ta huta, ita ke ba ka abinci.

Na je Brennock. An yi taro a ɗakin ƙarƙashin cocinsu, mutum goma sha wani abu, kowa da farin gashi, da faranti cike da irin burodin zaƙin nan nasu mai cike da 'ya'yan itace. Uwargida Kubicek doguwa ce, miƙaƙƙiya, ta yi shekara talatin tana sakatariyar kotu, kuma har yanzu tana magana kamar alƙali na jiranta. Ta dube ni sama da ƙasa ta tambaya ko na taɓa dasa itace. Na ce na dasa da yawa, har na kashe wasu, shi ya sa na san abin da ke kashe su. Ba ta yi dariya ba, amma ta tura mini farantin.

Sai aka shimfiɗa taswira. Duk jajayen ɗigon da suka yi suna arewa da layin dogo: dandalin kotu, titin banki, layin cocinsu. Ni kuwa ta kudu na shigo garin, na ga inda guguwar ta fi ɓarna. Can ne ma'aikatan kamfanin nama suke, yawancinsu 'yan Meziko da suka zo shekarun nan. Layi bayan layi na ƙananan gidaje, babu ko reshe ɗaya da tsuntsu zai sauka. Da na tambaya, wani dattijo ya ce ai mutanen can 'yan haya ne, yau suna nan gobe sun tafi. Uwargida ta ce ba a hana kowa zuwa taro ba. Na tambaya ko an gayyace su. Kowa ya koma shan kofi.

Sunayen masu shayarwa da suka iya tarawa ba su kai hamsin ba. Na ce to dashe hamsin ke nan. Ka ga fuskarta kuwa.

Da na fito sai na tsallaka dogo na yi ta yawo a ƙafa. A bayan wani gida na ga gwangwanaye jere a gindin katanga, kowanne da ɗan tsiron tuffa a ciki. Mai gidan, Amparo Quintanilla, tana aikin safe a kamfanin, kuma ita ke tsara abincin duk wani biki da jana'iza a cocin Katolika na unguwar. Ka san abin da wannan ke nufi: ta san kowa, ta san wanda in ya ce zai zo zai zo. Na gaya mata sharaɗina. Ta goge hannu a jikin rigarta ta ce, "Ruwa kawai? Ni na ɗauka takardun zama za ki tambaya." Ranar Litinin ta kira ofis da sunaye fiye da ɗari da hamsin.

Yanzu an raba dashen biyu, rabi arewa rabi kudu, kuma mutanen Amparo za su shayar da na dandalin kotu ma, tunda tsofaffin ba za su iya ba. Uwargida ta yarda, da ƙyar. Amma ta kafe sai elm, layi guda daga kotu har maƙabarta kamar da. Me zan gaya mata?

Ka warke ka dawo. Wayar teburinka ba ta daina ƙara, ni kuma na gaji da yin kamar na san sunan kowace tsutsa.

Taka,
Corrine

*

Afrilu 1992

Corrine ƙanwata,

Na amsa gaisuwa. Jiki da sauƙi, ina zagaya falo da sanda kamar tsohon zakara. Itacen 'yata kuwa an yi masa aski irin na gidan yari, dole in yi magana.

Ki gaya wa Uwargida cewa ni, malamin daji na gaske, na ce a'a. Kakanninta sun jera iri ɗaya daga wannan ƙarshen gari zuwa wancan, cuta ɗaya ta zo ta bi layi kamar mai karɓar haraji. A gauraya iri biyar ko shida, na rubuta miki su a bayan takardar nan. Elm ki ba ta biyu, na sabon irin nan mai jure cuta, a ƙofar kotu, don ranta ya yi sanyi. Rami ya yi faɗi, kada ya yi zurfi. Masu aikin sa-kai suna son binne itace har wuya don ƙauna. Ki tsaya a kansu.

Yanzu ga maganar da nake ta kewaye-kewaye. Ba zan dawo ba. Likita ya ce zaman mota na awa biyar-biyar ya ƙare mini, aikinmu kuwa ba komai ba ne sai zaman mota. Na sanar da Darakta. Ya ce ba za a cike gurbina ba sai sabuwar shekara, kuma na ji a muryarsa yana tunanin haɗe kujerun biyu, tawa da taki, su zama ɗaya, a ɗauko wani mai digirin daji ya zauna a ofis yana amsa waya. A ganinsa aikin sa-kai biki ne na rana ɗaya. Zai zuba ido a kan Brennock, tunda jarida ta san garin.

Ban gaya miki don ki tsorata ba, na san ba ki iya tsoro ba. Na gaya miki ne don ki san cewa mutum biyu ba su taɓa isar jiha ba, balle ɗaya. Abin da zai tsaya bayanmu shi ne a kowane gari a sami mutum ɗaya da zai riƙe abin ko ba mu. Kin ce kin sami Amparo. Kada ki yar da tsohuwar saboda ita. Majalisar gari maganar tsohuwar take ji.

Ki ci abinci na kirki a hanya, ba gyaɗar gidan mai ba.

Yayanki,
Gus

*

Mayu 1992

Uwargida Kubicek,

Ina gaishe ki, da fatan gajiyar ranar Asabar ta sake ki. Dashe ɗari biyu suna cikin ƙasa, an dasa su daidai, kuma abincin da matan cocin arewa da na kudu suka haɗa ya ishi kowa har da saura. Da a nan ranar ta ƙare, da wasiƙar godiya kawai zan rubuto.

Zan yi magana kai tsaye, na san ba kya son kwana-kwana. Kafin ki hau matakalar kotu na miƙa miki takarda mai ɗauke da sunayen duk masu shayarwa, na arewa da na kudu. Kin riƙe ta a hannu. Kin kira magajin gari, kin kira fasto, kin kira mai shagon kayan gini da ya ba da aron shebur, kin kira mutanen unguwarki ɗaya bayan ɗaya har da sunayen iyayensu. Sannan kika ce, "da sauran waɗanda suka taimaka," kika ninke takardar.

Waɗannan "sauran" sun fi mutum ɗari. Wasu daga aikin dare suka wuto ba su runtsa ba. Su suka haƙa ramukan dandalin da kike tsaye. Na ga mijin Amparo ya jingina sheburinsa da bango, ya kama hannun 'ya'yansa, suka bi layin dogo suka tafi, sauran suka bi su. Jiya Amparo ta gaya mini a waya cewa na unguwarsu za su shayar, domin nasu ne. Na dandalin kotu kuma, in ji ta, a nemi masu suna su shayar.

Masu hasashen yanayi sun ce ranin bana zai yi tsanani. Ni ina da garuruwa da yawa a gabana kuma babu wanda zan aiko. Dashen arewa ba za su kai Agusta ba in aka bar wa 'yan kwamitinki bokiti. Ba zan iya gyara wannan ba, ba ni na ɓata ba. Ke za ki gyara, kuma na tabbata za ki iya, shi ya sa na rubuto maimakon in yi shiru.

Taki cikin girmamawa,
Corrine Maddox

*

Brennock, Yuni 1992

Malama Maddox,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Na daɗe ban amsa ba, domin wasiƙarki ta ɗauke ni yini guda kafin in karanta, da gilashin ƙara girman rubutu, a gindin taga, kalma ɗaya bayan ɗaya.

Ban ga abin da ke jikin takardarki ba. Tsakiyar idona ya tafi, na dama tun bara, na hagu yana bin sa. Ina ganin gefe-gefe, ina gane mutum da tafiyarsa da muryarsa, kuma yatsuna sun san tafireta ba sai na duba ba. Shi ya sa ba wanda ya sani, har 'yan kwamiti. A kan matakalar nan, cikin hasken rana, na buɗe takardar na ga fari fat. Sai na kira sunayen da ke kaina, na mutanen da na sani tun suna cikin zanen goyo. Na mutanen kudu ba su cikin kaina. Wannan ba laifin ido ba ne, shekara shida suna garin nan ban taɓa tsallaka dogo na tambayi sunan kowa ba. Da na miƙa miki takardar na ce ki karanta, da an wuce wurin. Girman kai ya hana ni.

Ɗana yana Denver. Ya riga ya gyara mini ɗaki, zai zo ya ɗauke ni a lokacin kaka. Dalilin gaggawata ke nan da kika yi ta mamaki. Ina so in bar garin da wani abu a tsaye, ko da ba zan gan shi sosai ba.

Kin ce ni zan gyara. Haka ne. Ba na buƙatar ki zo, kuma kada ki kira Uwargida Quintanilla ki ba ta haƙuri a madadina, ba na aike a irin wannan. Abu ɗaya nake roƙo: maganar idona ta tsaya tsakaninmu har in faɗa da bakina.

Wasiƙarki ta yi zafi. Da kin rubuta mai sanyi da ban girmama ki ba.

Taki,
Verna Kubicek

*

Agusta 1992

Oga Gus,

Gaisuwa mai tarin yawa. An ce ka yar da sanda har kana tuƙi zuwa kanti. Allah ya kiyaye mutanen unguwar.

Ka tambayi labarin Brennock, ga shi, yawancinsa daga bakin Amparo. Ta ce wata Lahadi da yamma tana shanya sai ta hango doguwar tsohuwa da hular coci da jaka a hannu, tana taka layin dogo a hankali tana lalube da ƙafa. Gida uku ta ƙwanƙwasa kafin ta dace. Amparo ta ce ba ta yi niyyar ba ta kujera ba, amma tsohuwar ba ta jira kujera ba. A tsaye ta faɗi komai, idon da sauran. Sannan ta ce, "Ban zo don ki yafe ba. Na zo ki koya mini sunayen."

Amparo ta ce haushi bai sake ta ba, sai dai ba ta san yadda ake korar mace mai shekarun uwarta ba. Ta zaunar da ita a kicin. Kusan kullum da yamma haka aka yi ta yi, Amparo na murza ƙullun masara tana faɗin suna, da inda mutumin yake aiki, da 'ya'yansa nawa, tsohuwa na maimaitawa. Ta ce yadda take furta wasu sunayen sai da yaran gidan suka gudu bayan gida don dariya, ita kuwa ta ce a sake, har sai ta iya.

Ranar da ta shirya, Uwargida ta nemi izinin fada, limamin cocin su Amparo, ta tsaya a gaban jama'a bayan addu'a, hannu ba takarda. Ina can, na yi tuƙin awa huɗu don in gani. Ta kira su gida-gida, layi-layi, kamar yadda suke zaune a unguwa. Da farko kowa yana zaune. Sai wani tsoho da aka kira ya miƙe tsaye, na bayansa ma ya miƙe, aka ci gaba a haka. Ta manta mutum biyu, wata mata ta tuna mata daga baya da ƙarfi, aka fashe da dariya, ita ma ta yi. Mijin Amparo bai miƙe ba da aka kira shi. Amma da safen Litinin shi ne a dandalin kotu da tiyo.

Sai zafi ya zo kamar yadda aka faɗa, majalisa ta hana ban ruwa da famfo. Uwargida ta shiga zaman majalisar riƙe da hannun Amparo, ta tuna wa magajin gari cewa ita ta buga takardar haihuwarsa. Ba su ɗage dokar ba, gaskiyarsu ce, ruwan ya yi ƙasa. Amma sun ba da tsohuwar tankar 'yan kwana-kwana, Uwargida kuma ta buɗe rijiyar gonar marigayi mijinta. Masu aikin dare suna zagayawa da tankar da safe, tsofaffin arewa suna bin su da kofi da umarnin da ba wanda ya tambaya. Mun rasa dashe goma sha wani abu. Sauran kore shar, har da elm ɗinka biyu.

Darakta ya bi ni can makon jiya. Ya zagaya, ya tambayi Amparo sau nawa nake zuwa in duba su. Ta ce, "Wa? Corrine? Mun kusa manta kamanninta." A mota, da muka kusa gida, ya tambaya garuruwa nawa ne za a iya yi wa haka. Na ce duka, in ya ba ni malamin daji in ci gaba da yawona. Ya ce in rubuta masa irin mutumin da nake so a kujerarka. Na rubuta: wanda ya san itace kamar Gus, amma ba shi da surutunsa.

A gaida 'yarka da haƙurinta.

Ƙanwarka,
Corrine

*

Brennock, Satumba 1992

Corrine 'yata,

Ina gaishe ki. Ɗana ya zo da babbar mota, ya kwana biyu, ya koma da ita ba kowa. Na ce masa ya sake tambayata baɗi. Kwamiti ya zama mutum tara, Amparo ce mataimakiyata, ita ke karanta mini takardu, kuma tana gardama fiye da kima.

Muna son dashe ɗari na kaka, don filin makaranta. Masu shayarwa suna nan da sunayensu, ki zo in karanto miki su da ka.

Allah ya kiyaye hanya.

Mamanki,
Verna

Corrine, ni ce Amparo, ta ba ni in kai gidan waya. Ɗari ba zai isa ba, akwai layin bayan kamfani. Ki aiko ɗari biyu. Zan gaya mata in motar ta iso.